Saƙar dusar ƙanƙara ta Kirsimeti da hannun da ya shanye

Salama 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin amma duk sanda na ɗauko waya sai in ajiye, don har yanzu hannun dama na baya son dogon taifin, da babban yatsan hagu nake lallaɓawa, in kunga rubutun ya karkace a wani wajen kuyi haƙuri. Wata baiwar Allah ce tasa na daure. A layin ganin likita muka haɗu, mijinta ne ya samu shanyewar ɓarin jiki irin tawa, taga ina zaune ina saƙa sai ta matso tace "Anti dan Allah me kikayi kika warke?" Nace mata ƙanwata ban warke ba fa, abin yi dai na samu. Kafin in mata bayani aka kira lambarsu. Toh ga bayanin, ko ita ko wani zai amfana.

Goggona ce ta koya min kwarashi tun ina firamare. Mace ce da bata da wasa a kan aiki, in kinyi layi goma taga ɗauri ɗaya ya saki a layi na biyu bazata ce miki komai ba, bakin zaren kawai zata kama ta ja, kina kallo aikin yini guda ya warware, sai ta miƙo miki tace "sake". Na sha kuka a kan wannan. Amma hannuna ya faɗa, kafin in gama firamare ina saƙa hular jarirai da safa da irin ƙananan shimfiɗun kan tebur ɗinnan masu huji-huji. Riƙon biro ta koya min, kwarashin yana kwance tsakanin babban yatsa da manuni, ita a wajenta duk wani riƙo da ba wannan ba ƙauyanci ne. Da na shiga sakandare na watsar, lokacin gani nake aikin tsofaffi ne. Nayi karatu, na samu aikin sakatariya a wani ofis, nayi aure, Allah ya bamu yara uku, maza biyu da auta mace. Yatsuna ne jarina, ina taifin ko kibod ɗin bana kalla, kuma ina ji da hakan ba ƙarya. A gida kuwa in Disamba ta kama kwalliyar Kirsimeti tawa ce, ni nake sauko da bishiyar daga saman sif, ni nake warware fitilun da suke cukurkuɗewa duk shekara, kuma ba mai rataya ko ƙwallo ɗaya sai inda na nuna.

Ina da shekara 38 abun ya same ni. Lafiya lau na kwanta, da asuba na farka zan yaye bargo sai hannun dama yaƙi tashi. Na zaci kwanciya nayi a kansa. Na buɗe baki zan kira maigidana, abinda ya fito ba magana bace, wani gurnani ne, alhali a cikin kaina kalmomin suna nan tsaf ina jinsu. Wannan tsoron yafi na hannun nesa ba kusa ba. Ya kunna fitila yaga bakina ya karkace, ko takalmi bai tsaya nema ba. A asibiti akayi hoton ƙwaƙwalwa akace jini ne ya daskare ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu, shi yasa dama ta saki, don ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi yake tafiyar da daman jiki, kuma a yawancin mutane magana ma a can take. Likitan yace akwai allurar da take narkar da gudan jinin amma cikin awa 4 da rabi da farawar abun akeyinta, ni kuwa cikin barci ya same ni, ba wanda zai iya cewa ƙarfe nawa ya fara, don haka ba'a min ba. Hawan jini ne sila. Dan Allah in kunga bakin mutum ya karkace ko hannu ɗaya ya saki ko magana ta harɗe masa farat ɗaya, kar a tsaya shafa masa komai ko ace bari gari ya waye, asibiti kawai, kuma wani ya duba agogo ya riƙe lokacin don likita zai tambaya.

Zaman asibiti bai dame ni kamar komawa gida ba. A asibiti kowa mara lafiya ne. A gida kuwa takalman aikina suna bakin ƙofa, jakata tana rataye inda na barta, duk inda na juya sai naga abinda bazan iya ɗauka ba. Ƙafa ce ta fara dawowa, ina janta da sanda. Magana ma ta dinga dawowa kaɗan-kaɗan, duk da in na gaji sai ince kujera alhali ƙofa nake nufi. Hannun ne yaƙi. Yatsun suka dunƙule, in an buɗe su sai su koma. Maigidana ne yake sa min maɓallin riga, 'yar autata mai shekara 7 ce take goge min miyau in ya zubo ban sani ba, kuma tanayi tana kallon gefe wai don kar inji kunya, yarinya ƙarama fa. Masu zuwa dubiya Allah ya saka musu da alheri, amma wasu sai su zauna a gabana suna tambayar maigidana "ya jikin nata? tana gane mutane kuwa?" ina zaune ina jinsu. Wasu kuma su ɗaga murya sai kace kunne ne ya shanye. Kowa yazo "sannu bata hana zuwa", har na tsani karin maganar nan, don ba wanda yake faɗa min zuwa ina, kuma yaushe. Ofis sun jira iya jiransu, daga baya wasiƙa tazo, cike da ladabi da addu'a, amma dai sallama ce.

Kirsimetin farko ba'a sauko da bishiyar ba. Ba wanda ya hana, kawai dai ba wanda ya ɗaga maganar, yaran ma basu tambaya ba, kuma shirun nasu yafi min ciwo da ace sun tambaya sunyi kuka. Na daina addu'a a wannan lokacin. Ba wai na daina gaskatawa da Allah bane, bani da abin faɗa masa ne kawai, in na durƙusa a zuciyata sai inji fushi ne kaɗai a wajen. Dare ido biyu, rana barci. Har na fara lissafin cewa da bana nan da gidan yafi sauƙi, maigidana ya huta da ɗawainiya, yaran su huta da kallona. Ranar da na furta wani abu mai kama da haka a gabansa, washegari ya maida ni wajen likita, nan aka gaya mana cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki suna faɗawa ciwon damuwa, kuma ciwo ne da ake magani ba rashin bangaskiya ba. Aka ɗora ni a kan magani, aka haɗa ni da mai bada shawara. Na faɗi wannan ne don kar wani ya karanta labarina yace zare da kwarashi ne suka fitar da ni daga ramin nan, a'a, magani ne ya fara ɗaga ni har na iya kallon zaren.

Amma ko da hankalina ya ɗan dawo akwai abinda yake cina wanda na daɗe ban iya sa masa suna ba. Duk abinda aka sani yi bashi da ƙarshe. Matsa ƙwallon roba, gobe ma matsa ƙwallon roba. Kwashe maƙalan shanya daga wannan roba zuwa waccan, in kin gama a juye su a maida miki. Ɗaga hannu, sauke hannu. Ni kuwa mutum ce da na saba in buga takarda in sa a fayil in rufe ince an gama. Yanzu ba ranar da zan kwanta ince yau na gama wani abu.

Likitar gashin ƙashi da motsa gaɓɓai da take duba ni ce wata rana ta tambaye ni, kafin taifin me hannuwanki suka iya? Nace kwarashi, amma tun ina yarinya. Tace in zo dashi. Nace ai sai dai in koya da hagu, tace "Madam in kika bar dama ta zauna hagu tana mata komai, ƙwaƙwalwa zata saba da rashinta ne." Ta min bayani cewa wajen da ya mutu a ƙwaƙwalwa baya tashi, amma sassan da suke kusa suna iya koyon aikinsa in ana maimaita motsin, kuma duk da cewa anfi samun cigaba a wata 3 zuwa 6 na farko, ƙofar bata rufewa bayan nan. Na kwana ina juya maganar. Da hagu na san zan fi saurin ganin sakamako, da dama kuwa zan dinga ganin gazawata ne a kowane ɗauri. Gaskiya ba ƙarfin hali ne yasa na zaɓi dama ba, haushi ne, haushin hannun nake ji, nace tunda kaƙi aiki sai kayi dole.

Da kwarashi mai kaurin milimita 6 na fara da ulu mai kauri. Ko shi ɗin zamewa yake, sai da maigidana ya naɗe masa ƙota da bandeji ya bi da filasta har yayi kauri ya cika tafi. Riƙon biro kuwa ya gagara kwata-kwata, yatsun basa iya wannan tsinken riƙon, dole na koma riƙon wuƙa, wato ki damƙe kwarashin a ƙarƙashin tafi, motsin yana fitowa daga wuyan hannu. Goggo ta riga ta rasu lokacin, amma ranar da na fara riƙe shi haka sai da nace a raina Goggo kiyi haƙuri. Hagu ce take kawo zaren ta ɗora a bakin ƙugiyar, dama aikinta kawai ta ja. Sarƙa kawai nakeyi, sarƙa sarƙa sarƙa, har tayi tsawon da yarana maza suke ja daga falo zuwa ɗaki suna dariya. Nima nayi dariya, amma a raina na san wannan ma wani matsa ƙwallon ne, bashi da ƙarshe.

Wajen watan Oktoba autata tazo da wani hoto da ta gani a wayar babanta, bishiyar Kirsimeti ce an rataye mata fararen dusar ƙanƙara na saƙa, sirara, masu rassa. Tace "Mama kiyi mana irin wannan bana." Nace bazan iya ba. Bata yi musu ba, ta ɗauki wayata ta sa hoton a fuskar wayar ta tafi abinta, duk sanda zan duba lokaci sai na ganshi. Yarinyar nan ta iya mugunta. Daga ƙarshe na shiga YouTube na nemo masu koyarwa, na rage gudun bidiyon zuwa rabi, kuma abinda ya tsayar da ni shine ashe duk ƙyalƙyalin nan zagaye uku ne ko huɗu, shikenan, ki yanke zare ki ɓoye bakinsa kin gama.

Mai sauƙin da na fara da shi ga yanda yake. Sarƙa 6, ki haɗa ƙarshe da farko ya zama zobe. Zagayen farko ki cika zoben da dogon ɗaurin nan da ake cewa dobul guda 12, sarƙa 3 ɗin da kika hau da ita tana cikin lissafi. Zagaye na biyu kiyi sarƙa 5 ki tsallake ɗauri ɗaya ki kama na gaba, haka har ki zagayo, zaki samu kunnuwa 6. Zagaye na uku shine rassan, a kowane kunne ki hau da sarƙa, ki fitar da 'yan tsinayen nan da ake yi da sarƙa 3 a koma a soke ta farkon, ɗaya a dama ɗaya a ƙoli ɗaya a hagu, ki sauko ki wuce kunne na gaba. Ki dai duba wace ƙasa mai koyarwar take, don abinda 'yan Amurka suke kira dobul 'yan Ingila tirebul suke ce masa, nasu dobul ɗin gajeren ɗauri ne, in kika haɗa lissafin biyu abun bazai zauna ba.

Hannun ya bani wahala amma lissafin ya fishi. Tun bayan ciwon lambobi suke zille min, ina ƙirga bakwai takwas sai inji na ɓace. Na farkon da na gama rassa biyar ya fito. Autata ta ƙirga da yatsa tace "Mama ai shida ne." Daga nan ta ɗauke wa kanta aiki, in ta dawo makaranta ta zauna a gefena muna ƙirgawa tare da ƙarfi, ɗaya biyu uku soke, ɗaya biyu uku soke, in harshena ya harɗe ta jira ni, bata taɓa faɗar lambar kafin ni ba. Ba wanda ya koya mata wannan. Manya da yawa sun kasa shi, kafin ki gama laluben kalma sun ƙarasa miki.

Ita ce kuma ta tsare ni da tambayar me yasa dole sai shida, ni da ban taɓa riƙe dusar ƙanƙara a hannuna ba. Muka zauna muka bincika. Ashe in tururin ruwa ya daskare a cikin gajimare ƙwayoyin ruwan suna jeruwa ne a siffa mai kusurwa shida, rassan kuma daga kusurwoyin suke tsirowa, yanda zasu yi tsawo ko su yi faɗi ya danganta da sanyi da laimar iskar da suka ratsa wajen saukowa. Tun 1611 masanin taurarin nan Johannes Kepler ya rubuta ɗan ƙaramin littafi a kan wannan tambayar tata, kyautar sabuwar shekara ya yi wa wani abokinsa da shi. Wanda ya tsaya min a rai kuwa wani manomi ne a jihar Vermont ta Amurka, Wilson Bentley, wanda a 1885 yana ɗan shekara 19 ya haɗa kyamara da madubin ƙara girma ya ɗauki hoton ƙwayar dusar ƙanƙara, ya cigaba da haka har ya tara hotuna sama da 5,000, yana aiki cikin sanyi yana tare numfashi don kar ta narke kafin ya ɗauka. Ya rasu ran 23 ga Disamba 1931, ciwon huhu. Hotunansa muka dinga kalla muna zaɓen wanda zamu kwaikwaya. Mun kuma karanta cewa yawancin waɗanda suke faɗowa daga sama ba daidai suke ba, wani reshen ya fi wani, wasu a karye, masu kyan ne ake zaɓa a ɗauka hoto. Autata tace toh amma dai ba mai biyar, ki warware.

Ranar da na gama mai rassa shida na farko ban yi murna ba, kuka nayi. Abun ya fito a cukuikuye, rassan sun lanƙwashe sun shige juna, kamar tsumman da kyanwa ta gama wasa dashi. Na ɗauka hannuna ne ya ɓata shi. Sai da na koma bidiyon na kalla har ƙarshe naga ashe na kowa haka yake saukowa daga kwarashi, har na ƙwararrun, sitati da fil ne suke fito da shi.

Nan maigidana ya shigo. Ana buƙatar kwali mai kauri ko soso mai tauri, a zana layi uku da suka gitta juna a tsakiya, tsakanin kowane layi da na kusa dashi digiri 60, sai a zana da'irori a kai don rassan su yi tsawo ɗaya, a rufe da farar leda don tawada kar ta kama zaren. Ya ɗauko abin awon kusurwa a akwatin lissafin babban ɗanmu ya zauna yana zanawa da wani irin muhimmanci sai kace gini zai yi. Muka dama sitati a wuta har yayi kauri ya washe, ya huce, na tsoma saƙar ta sha, na matse a tafin hagu ba murɗawa. Fil na farko a tsakiya, sannan reshe ɗaya a ja a kafe, sai wanda yake kallonsa ta ɗaya gefen, haka bibbiyu, daga ƙarshe kowane ɗan tsini da nasa fil ɗin. Ɗaukar fil da yatsu biyu a danna shi yafi min komai wuya, maigidana ne yake ja ya riƙe reshen ni in kafe, in fil ya faɗi ya ɗauko ya miƙo min baya kafewa da kansa. Muna cikin yi muka fara gardama, yace wannan reshen ya karkace nace idonka ne ya karkace, yace uwargida ni fa na zana layin, nace ni kuma na saƙa. Sai muka tsaya muka kalli juna. Tunda na kwanta ciwo bamu taɓa gardama ba. Komai nace sai yace toh, komai nayi sai yace sannu, ya zama nas ni na zama majinyaciya, aure ya koma jadawalin magani. Bansan nayi kewar a musa min ba sai daren nan. Muka barshi ya kwana ya wuni ya bushe, da aka cire fil ɗin ya tashi a miƙe ƙyam, na ɗaga shi da dama.

A shekarar aka sauko da bishiya. Saƙe-saƙen nawa na ulu ne duka, manya-manya masu nauyi har suna lanƙwasa rassan bishiyar, ba su yi kama da na hoton ba ko kaɗan. Na zauna a kujera na bar yaran suka rataya duk inda suka ga dama, uku a reshe ɗaya, gefe guda fayau, bakina yana ƙaiƙayi amma nayi shiru.

Daga nan na fara saukowa da kaurin kayan aiki, daga milimita 6 zuwa 4, daga 4 zuwa 2.5, ulu ya koma zaren auduga. Shi zaren kwarashi lambarsa a juye take, in lamba ta hau zaren sirancewa yake, lamba 3 ya fi lamba 10 kauri, lamba 20 da 30 kuwa sun fi 10 siranta. Wanda aka fi yin dusar ƙanƙara da shi lamba 10 ne da kwarashin ƙarfe mai milimita 1.5 zuwa 1.75, kuma ki nemi audugar nan mai sheƙi da santsi, bata tsagewa a bakin ƙugiya kuma tana shan sitati da kyau. Na ɗau lokaci mai tsawo kafin in kai nan, akwai watannin da na koma baya, hannun ya riƙe ya dinga ciwo har kafaɗa na ajiye komai. Likitar gashin ce ta sa min doka, in jiƙa hannun a ruwan ɗumi kafin in fara, in dinga tsayawa ina miƙe yatsun, kuma da zarar naji ciwo in ajiye ko da reshe ɗaya ne ya rage. Wannan na ƙarshen har yau da ƙyar nake binsa. Wata dabarar da ta taimake ni ita ce shimfiɗa baƙin ƙyalle a cinya, farin zare yana fitowa sosai a kansa ido baya wahala.

Maganar abin taurarawa kuwa duk na gwada su. Sitati yafi kyau a ido, zaren yana zama da kamanninsa, kuma in yayi datti ki wanke ki sake, sai dai in iska tayi laima yana saki. Ruwan sukari da aka dafa yana tauri sosai amma kiyashi bazasu barki ba, ban bada shawararsa ba sam. Farin gam ɗin makaranta a haɗa shi da ruwa rabi da rabi shi yafi daɗewa, amma in yayi yawa yana toshe hujojin ya bar wata fata-fata, sai kin bi da tsinke kin buɗe tun yana jiƙe. Ni yanzu gam nake sa wa na kyauta, sitati na gida. Fil kuma dole wanda baya tsatsa, don in tsatsa ta hau jiƙaƙƙen farin zare tabon baya fita.

Matan cocinmu suka gani suka fara cewa a musu, daga nan ƙawayensu. Lokacin na ci karo da labarin ƙasar Ailan, yanda a shekarun babbar yunwar da ta fara a 1845 sistoci da wasu mata suka dinga koya wa matan ƙauye saƙar leshi da kwarashi ana fitarwa ana sayarwa, gidaje da yawa da wannan suka rayu. Yaji min daɗi karantawa, amma bazan muku ƙarya ba, nawa bai kai nan ba. Bai maye min albashi ba kuma bazai maye ba, hannuna baya sauri, abinda wata zata yi a rabin awa ni sai in wuni a kai. Abinda dai yake bani shine in na yanke zaren nan na soke bakinsa, an gama, ga abu a hannu wanda jiya babu shi, kuma ba mai juye shi ya maido min.

In kuna da mai irin ciwona a gida, ku nema masa wani abu ƙarami da zai fara ya gama a zama ɗaya, ba dole sai saƙa ba, ku tambaye shi me hannunsa ya taɓa iyawa, ku tambayi mai gashinsa ko ya dace. In ya fara kuma dan Allah kar ku karɓa ku ƙarasa masa, na san tausayi ne yake sawa amma mu a wajenmu ƙwace ne.

Mutane suna ganina da kwarashi suce kai Madam ai kin warke sarai. Ban warke sarai ba. Dama bata taifin, maɓallin riga har yanzu sai na zauna, in sanyi ya shigo yatsun suna ƙagewa, in na gaji da yamma kalmomi suna guje min yaran su gane su rage surutu. Maganin hawan jini kullum ne har ƙarshen rai, ina da na'urar awo a gefen gado, in naga ya taɓa 140 bisa 90 ya zauna a nan bana jiran ranar asibiti. Addu'a ta dawo, ba irin ta da mai tsari ba, yawanci ina saƙa ne nake yinta, wani lokacin ma ƙorafi ne.

Na bana tun Satumba na fara don in ba haka ba bazan cika alkawuran mutane ba. Na bara suna cikin kwalin takalmi a kwance da farar takarda tsakanin kowane biyu, wasu sun ɗan saki zan sake musu sitati. Na sayo zare lamba 20 da kwarashi milimita 1.25 ina gwadawa, zoben tsakiya da zagayen farko suna fita, tsinayen ne har yanzu suke kuɓuce min. Autata yanzu ta fara nata, kuma riƙon biro takeyi ba tare da kowa ya nuna mata ba, ta ma fini sauri, sai dai bata son ɓoye bakin zare, duk ta tara min su a roba wai ni zan ƙarasa mata.